Jinjina ga Maginan Yumɓu na Ƙasar Daura

Tun kafin firji ya shigo Daura randa ke sanyaya ruwan gida, kuma har gobe ba ta jiran a kawo wuta. A tsakiyar bazara, ka tsoma moɗa a randar da aka girke kan jiƙaƙƙen yashi, ka sha ruwa mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin.

Ba kowa ke ganin wahalar masu ginata ba. A haƙo yumɓu, a jiƙa, a tattake, a gina, a shanya a inuwa, sannan a gasa. Ta tsage a wuta, aikin kwanaki ya tafi, a sake sabon lale.

Hannunsu ya kai har ga murhu. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, Oxfam ta gudanar a ƙananan hukumomi 7 na Katsina, ciki har da Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, ya koya wa magina yin murhun yumɓu mai tsimin itace. Duwatsu uku kan bar wuta ta watse. Murhun yumɓu kuwa yana tattara harshenta ƙarƙashin tukunya. Cefane ya ragu, idon uwargida ya huta da hayaƙi, itatuwan gona su huta da gatari.

In ka shiga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, don Allah kada ka yi wa mai randa tayin wulaƙanci.