Haƙuri da Tsangwama a Fim ɗin Yesterday

Fim ɗin Yesterday, wanda Darrell Roodt ya shirya da harshen Zulu a shekarar 2004, labari ne na wata matar ƙauye a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, wadda ta ɗauki ƙwayar cutar ƙanjamau daga mijinta, mai aikin haƙar ma'adinai a Johannesburg. Leleti Khumalo ce ta fito a matsayin matar, kuma sunanta ne aka raɗa wa fim ɗin.

Ƙarfin wannan aiki yana wajen yadda ya nuna tsangwama ba tare da dogon zance ba. Sa'ad da mijin ya komo gida a rame, mutanen ƙauye suka guje shi, asibiti kuma babu gado, sai matar ta tsinto tarkacen ƙarafa ta gina masa 'yar bukka a bayan gari, ta yi jiyyarsa har ya cika. Ba a ƙara wa wannan ƙyama gishiri ba, domin kuwa a lardin nan ne aka kashe Gugu Dlamini a 1998 bayan ta bayyana wa jama'a cewa tana ɗauke da ƙwayar.

To amma a kan me matar ta dogara? Boka ya ɗora laifin ciwon a kanta, maƙwabta sun juya baya. Abin da ya rage mata alkawari ne guda, watau ba za ta mutu ba sai ta ga ranar da 'yarta Beauty ta shiga makaranta. Wannan imani ne na gaske, amma gajere ne, tun da yake kansa ya yarda da mutuwa, jinkiri kawai yake roƙo.

A nan ne rauninsa yake. Tun 1998 ƙungiyar Treatment Action Campaign take fafitikar a samar wa talaka magungunan da ke danne ƙwayar, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito asibitocin gwamnati suka soma rabawa. Roodt ya kau da kai daga wannan gwagwarmaya, ya mai da haƙurin mace ɗaya abin sha'awa. Mai kallo yakan fita da hawaye da jinjina, amma wanda ke ɗauke da cutar, idan ya kalla, abin da aka nuna masa shi ne yadda ake mutuwa da mutunci.