Aikatau «narke» da lissafin iyon: sharhi a kan wata takardar darasi

Wani abokin aikinmu, malamin ilimin sinadarai, ya miƙo mana takardar darasi mai shafi huɗu da ya fassara daga Faransanci domin ɗaliban shekarar farko. Darasin ya shafi lissafin yawan iyon cikin ruwan da aka zuba wa gishiri kaɗan. Lissafin da ke ciki daidai yake, ba mu da ta cewa a kansa. Sharhinmu ya tsaya ne a kan kalmomi biyu da muke ganin su ne za su kai ɗalibi ga kuskure.

Ta farko ita ce «narke». A Hausa man shanu yana narkewa a rana, sukari yana narkewa cikin shayi, gishiri ma yana narkewa cikin miya. Aikatau ɗaya ne, alhali abubuwa uku ne suka faru. Man shanu zafi ne ya mai da shi ruwa-ruwa, abin da Faransanci ke kira fusion; gishirin miya kuwa ba ya yin haka sai zafi ya kai digiri 801. Sukari ya bazu cikin ruwa amma ƙwayoyinsa suna nan ɗungum. Gishiri shi ne ya bazu kuma ya rabu, kowane ɓangare da cajinsa, kamar yadda Arrhenius ya bayyana a 1887. Mai fassara ya sa «narke» a wurin dissolution da dissociation duka biyu, sai matakin da lissafin ya dogara a kansa ya ɓace.

Da gishirin miya, NaCl, ba a ganin ɓarnar. In an zuba garam 0,585 aka cika ruwa zuwa lita 1, an samu mol 0,01 a lita, kuma Na⁺ da Cl⁻ kowane 0,01 ne. Ɗalibin da bai fahimci komai ba zai ci wannan tambaya. Tambaya ta uku ce ke tona asiri: garam 1,11 na CaCl₂ cikin lita 1 shi ma mol 0,01 ne, Ca²⁺ 0,01 ne, amma Cl⁻ 0,02 ne, domin kowace ƙwaya ta saki Cl⁻ biyu. Wanda aka gaya wa cewa gishirin «ya narke» kawai ba shi da dalilin ninkawa. Kuma Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Muna da «rabu», aji na 7 a tsarin Parsons, mai nuna cewa aikin ya auku sosai, da ninkinsa «rarrabu» mai nuna yawa. Jimla kamar «gishirin ya narke, ya rarrabu zuwa Ca²⁺ ɗaya da Cl⁻ biyu» ta riga ta ɗauki rabin amsar.

Kalma ta biyu ita ce «kauri» a madadin concentration. Kunu ne ke yin kauri, a ga haka a ludayi. Ruwan da ke da garam ɗaya na gishiri a lita ba ya nuna wani kauri, kuma darasin kansa a kan irin wannan ruwa yake. Sannan littattafan Faransanci suna bambanta c, na gishirin da aka zuba, da [Cl⁻], na iyon da ke cikin ruwan. «Kaurin ruwa» ya haɗe su. Mun fi son «yawa a lita», duk da tsawonsa, domin da zarar an ce «yawan» sai harshe ya nemi a faɗi na mene ne: yawan gishirin da aka zuba, ko yawan Cl⁻.

Akwai abin yabo: «sirka» da ya zaɓa domin diluer ta zauna daram, kowa ya san sirka ruwan wanka. Sai dai misalin kanwa da ya ƙara a shafi na ƙarshe, don kusanto da darasin gida, gara a cire shi. Kanwar kasuwa gauraye ce, ba sinadari ɗaya ba, kuma iyon CO₃²⁻ da ke cikinta yana ma'amala da ruwa, saboda haka ƙa'idar ninkawa ba za ta ba da yawansa daidai ba. Na₂SO₄, mai garam 142 a mol, zai yi aikin ba tare da wannan matsala ba.