Isma'il Kadare: Marubucin da Habaicinsa Ya Fi Jawabinsa Gaskiya

Ranar 1 ga watan Yuli na shekara ta 2024 Isma'il Kadare ya rasu a Tirana, babban birnin Albaniya, yana da shekara 88 a duniya. Ya bar ƙagaggun labarai da aka fassara cikin harsuna fiye da 40, ya kuma bar wata gardama da ba ta bi shi kabari ba. Wasu suna ɗaukarsa gwarzon da ya riƙe alƙalami a gaban gwamnati mafi ƙuntatawa a Turai ta zamaninsa, wasu kuwa suna cewa ɗan lelen wannan gwamnati ne da ya iya takunsa. Gardamar tana da muhimmanci, amma tana rufe wani abu da ya fi amfani ga malamin adabi. A kan takarda Kadare mutum biyu ne: mai ƙaga labari, da mai sharhi a kan al'ada da tarihi. Na farkon ya fi na biyun hangen nesa, kuma rayuwarsa ce ke bayyana dalili.

Daga garin duwatsu zuwa Mosko

An haife shi ranar 28 ga Janairu 1936 a gidan Musulmi, a Jirokastar, wani gari na kudancin Albaniya da aka gina a jikin tudu, wanda har rufin gidajensa na dutse ne. A garin nan aka haifi Anwar Hoja, shugaban ƴan gurguzu da ya mulki ƙasar daga 1944 har mutuwarsa a 1985. Kadare yana yaro ya ga garinsu yana sauya hannu tsakanin sojojin Italiya da na Girka da na Jamus, abin da ya mayar labari a cikin Chronique de la ville de pierre (1971). Bayan karatun jami'a a Tirana aka tura shi makarantar marubuta ta Gorki a Mosko a 1958. Can ana koyar da adabin gurguzu, wanda taurarinsa ma'aikata ne masu ƙwazo, ƙarshensa kuma nasarar jam'iyya. Ya komo gida a 1960, lokacin da dangantaka ta fara tsami tsakanin Albaniya da Tarayyar Sobiyat, ya rubuta littafin da ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan siffofi.

Littafin shi ne Le Général de l'armée morte (1963), wato janar na matacciyar runduna. Shekara 20 bayan yaƙi, an aiko wani janar na Italiya tare da wani fada su tono ƙasusuwan sojojinsu da suka mutu a Albaniya, su mayar da su gida. Janar ya iso da girman kai, sai ruwan sama da taɓo da shirun ƙauyawa suka yi ta cin ransa. Ƙololuwar labarin a wajen bikin aure take, inda ya shiga ba tare da gayyata ba. Wata tsohuwa ta fita, ta komo da buhu, ta yar a gabansa. Ƙasusuwan kanar ɗin da ya fi nema ne, wanda ya halaka iyalinta, ita kuma ta kashe shi ta binne a bakin ƙofarta. Babu wa'azi a wurin, buhun ya isa. Fassarar Faransanci da Yusuf Vrioni ya yi ta fito a Paris a 1970, daga nan sunan Kadare ya tsallake iyakar da ƴan ƙasarsa ba su da izinin tsallakewa.

Zagi a kasuwa

Albaniyar Hoja ƙasa ce rufaffiya. A 1967 aka kulle masallatai da majami'u, kuma kalma ɗaya tana iya kai mutum kurkuku. Marubucin da ke son faɗin gaskiya ya kuma kwana gidansa ba ya da hanya sai ta habaici. Kadare ya samo mayafinsa a tarihi: ƙarnonin da Albaniya ta yi ƙarƙashin daular Turkawa ta Santambul, daga ƙarni na 15 har samun ƴanci a 1912.

Le Palais des rêves (1981), fadar mafarkai, shi ne gwanintarsa a wannan fage. Ya ƙago wata ma'aikatar gwamnati a babban birnin daular, wadda aikinta tattara mafarkan talakawa daga kowane lardi, a tace su, a fassara su, kowace Juma'a a miƙa wa Sarki mafarkin da ya fi nuna makomar mulki. Tauraron, Mark-Alem, saurayi ne daga gidan Kuprili, zuriyar Albaniyawa da ta ba daular manyan wazirai. Wani mafarki ya ratsa ta hannunsa bai gane haɗarinsa ba, aka fassara shi da cewa gidansu na ƙulla tawaye, aka kashe kawunsa Kurt. Abin da ya fi ban tsoro shi ne abin da ya biyo baya: saurayin bai gudu ba, bai yi tawaye ba, sai ma ya yi ta hawa har ya zama shugaban ma'aikatar. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma hukuma ta gane. A 1982 taron ƙungiyar marubuta ya la'anci littafin, aka hana sayar da shi.

Avril brisé, wanda ya rubuta a ƙarshen shekarun 1970, ya juya ga tsaunukan arewa, inda tsohuwar dokar gargajiya mai suna Kanun ta tsara gabar jini dalla-dalla. Gjorg ya harbe mutum ranar 17 ga Maris domin ramuwar ɗan'uwansa. Dangin mamacin suka ba shi lamuni na kwana 30, bayansu jininsa ya halatta. Cikin kwanakin nan sai ya taka zuwa hasumiyar Orosh ya biya harajin jini, domin akwai masu cin abinci da wannan gaba, har da jami'in da ke damuwa idan kisa ya ragu. A hanya ya gamu da keken dokin wani marubuci daga Tirana, Bessian, wanda ya kawo amaryarsa Diana yawon amarci don ta ga kyan al'adar da yake yabo a rubuce-rubucensa. Bessian yana ta bayani, Diana kuwa ta ga fuskar saurayin da ke jiran mutuwa, daga ranar aurensu bai sake daidaita ba. A nan Kadare ya yi wa irinsa hukunci mai tsanani: masanin da ya mayar da rayuwar mutane ado ga ra'ayinsa, ba ya ganin wanda ke tsaye a gabansa.

Ladan kuturu

Wannan ƴanci na habaici yana da farashi. Kadare ya zauna a majalisar dokokin gwamnatin Hoja daga 1970, yana fita ƙasashen waje lokacin da sauran jama'a ba su iyawa. Ya rubuta Le Grand Hiver, wanda siffarsa ta farko ta fito a 1973, gyararriyar kuma a 1977, inda ya zana Hoja a matsayin jarumin da ya tsaya wa Kurushef a taron jam'iyyun gurguzu na Mosko a 1960. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Littafin ya zame masa garkuwa, ya kuma zama tabo.

Masu tuhumarsa ba ƴan hassada ba ne duka. Fatos Lubonja, wanda aka kama a 1974 saboda abin da ya rubuta a asirce, ya yi shekara 17 a tsare, wasu daga cikinsu a mahaƙar ma'adinai ta Spac. Bayan fitowarsa a 1991 ya kafa mujallar Përpjekja a 1994, ya zama ɗaya daga cikin masu sukar Kadare a fili. Shi kansa Vrioni, wanda fassararsa ta buɗe wa Kadare ƙofar duniya, ya yi fiye da shekara goma a kurkukun wannan gwamnati. Kadare bai nemi mafakar siyasa a Faransa ba sai a Oktoba 1990, ƴan watanni kafin tsarin ya rushe. Amsar da ya riƙa bayarwa ita ce, a irin wannan ƙasa rubuta adabi na gaskiya shi ne adawar da ke yiwuwa. Amsar ta dace da Le Palais des rêves, amma ba ta wanke Le Grand Hiver ba. Adalci shi ne a ajiye littattafan biyu a kan tebur ɗaya, kuma a tuna da waɗanda suka biya farashin da shi bai biya ba.

Da mayafi ya sauka

Bayan 1990 girmamawa ta yi ta zuwa: lambar Man Booker ta duniya a 2005, wadda shi ne farkon wanda ya karɓa, lambar Asturiyas ta Sipaniya a 2009, da ta Neustadt a 2020. Ya zama muryar ƙasarsa a idon Turai, kuma a nan ne mai sharhin ya fito sarari. Tun a Eschyle ou l'éternel perdant, wanda ya fito da Faransanci a 1988, ya yi ƙoƙarin nuna cewa wasan kwaikwayon Girkawan dauri ya tsiro ne daga bukukuwan aure da makoki na yankin Balkan, irin waɗanda suka saura a tsaunukan Albaniya. Ra'ayi ne mai daɗin karatu, mai ƙarancin hujja, kuma manufarsa a bayyane take: a dasa Albaniya a tushen Turai.

A 2006, shekarar da Albaniya ta sa hannu a yarjejeniyar kusantar Tarayyar Turai, ya fitar da ɗan littafi a kan asalin Turanci na Albaniyawa. Jigonsa shi ne cewa ainihin al'ummar na Turai ne tun fil'azal, zamanin Turkawa kuwa katsewa ce da ta nisanta ta daga gidanta. Rexhep Qosja, masanin adabi daga Kosobo, ya mayar masa da martani cewa al'adar Albaniyawa ta sha daga gabas da yamma, daga Musulunci da Kiristanci, kuma ba a share ƙarni biyar da alƙalami. Damuwar Kadare tana da dalili, domin ƙaramar ƙasa ce da ta gaji da zaman kaɗaici. Duk da haka hujjar Qosja ta fi ƙarfi, kuma mafi kyawun shaidunta littattafan Kadare ne. Gidan Kuprili na Le Palais des rêves Albaniyawa ne kuma ginshiƙan daular Turkawa ne a lokaci ɗaya, waƙar zuriyarsu ma mawaƙan Bosniya ne ke rera ta da wani harshe daban. A Les Tambours de la pluie (1970), labarin ƙawanyar da Turkawa suka yi wa wata ganuwa, yawancin abin da mai karatu ke gani daga sansanin Turkawan yake ganinsa, da marubucin tarihinsu da maƙerin igwarsu, kowa da tsoronsa da burinsa. Mai labarin ya san cewa tarihin al'umma cuɗaɗɗe ne. Mai sharhin ya so ya tace shi.

Gaskiya ne cewa irin wannan rauni yana kwance a cikin labaran ma, tun da kullum Santambul ce siffar zalunci a wurinsa. Sai dai a can mayafi ce da aka yafa wa Tirana, kuma ƴan ƙasarsa sun san haka. A cikin sharhin kuwa ya ɗauki mayafin a matsayin tarihi, ya faɗa ramin da ya haƙa wa Bessian.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu masu karatu da Faransanci, hanyar shiga a buɗe take, domin kusan duk ayyukansa suna cikin wannan harshe, har ma daga gare shi aka juya da yawa zuwa Ingilishi. Avril brisé gajere ne, ya dace da manyan azuzuwan sakandare, kuma tambayar da ke cikinsa tana jiran duk mai aikin adana al'ada: wa ke yabon ta, wa ke biyan kuɗinta? Le Palais des rêves ya cancanci karatu a rukuni, tare da tarihin Lubonja a gefensa. Sharhin 2006 kuwa a karanta shi tare da martanin da ya jawo, domin ɗalibi ya ga yadda babban marubuci ke iya yin kuskure a kan abin da labaransa suka riga suka fahimta.