Hannun da Ke Gane Mataccen Shokozoba

Idan mota mai ɗaukar kaya ta shigo gareji, direba ya ce ta fara yi masa rawa a hanya, akwai bakaniken da ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya tambaya, "Direba, yanzu ka sauko daga titi?" In aka ce e, sai ya durƙusa, ya zura hannu bayan taya, ya ɗora bayan yatsunsa a jikin shokozoba, ya ɗauke, ya taɓa ƙarfen shasi da ke kusa, sannan ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka. Kafin yaronsa ya kawo jak ya riga ya san wanda ya mutu. Na daɗe ina kallon wannan a garejin manyan motoci, kuma har yau yana burge ni, domin ilimi ne cikakke a cikin taɓawa ɗaya.

Mutane da yawa suna zaton shokozoba ne ke ɗauke da nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka, ko jakar iska a wasu tireloli. Amma sifirin ba shi da haƙuri: in taya ta faɗa rami ya lanƙwashe, zai yi ta tsalle yana komawa. Aikin shokozoba shi ne ya kwantar da wannan tsallen. A cikinsa akwai bututu cike da mai, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da taya ta yi sai fistin ya tura man ta waɗannan ƙofofi da ƙarfin tsiya, ƙarfin girgizar kuma ya rikiɗe ya zama zafi. Saboda haka shokozoban da ya yi aiki a hanya zai fi shasi ɗumi. Wanda aka taɓa aka ji shi sanyi ƙalau bayan doguwar tafiya, ya daina aiki, ko da fentinsa na sheƙi.

Sau da yawa matsalar tana bayyana ne bayan garanti ya ƙare. Kamfanoni da dama suna ba ƙananan motocin kaya irin su akori-kura garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma motar da ke zirga-zirga tsakanin kasuwar Dawanau da Legas, ko mai kwaso albasa daga Aliero, tana cinye kilomitocin tun shekarun ba su je ko'ina ba. Mai mota ya koma wurin dillali a ce masa lokaci ya wuce, ko a ce shokozoba kayan da ke cinyewa ne kamar birki. Ya zo gareji ransa a ɓace. A nan na fi ganin darajar bakanike na gari, don kafin ya kwance noti ɗaya zai ce, "Alhaji, tun yaushe ya fara zubar da mai? Ka taɓa kai ƙorafi tun garanti na nan? Akwai takarda?" In akwai katin sabis da ya nuna an yi maganar tun kafin wa'adi ya cika, zai ce a koma da shi wurin dillalin, a kuma ɗauki hoton abin yana jikin mota, domin wani lokaci akan yi sassauci, a ba da kayan ko a rage kuɗi. Aikin da zai shiga aljihunsa ne yake turawa wani wuri, kuma yana sane.

In babu wannan hanyar, sai a shiga bincike. Ba duk jiƙewa ce yoyo ba. Shokozoba lafiyayye yakan yi ɗan gumi a sama, ƙura ta manne a kai, musamman da hunturu. Wannan ba laifi ba ne, man da ke shafar sandar fistin ne. Yoyo shi ne in man ya gangaro ya yi layi har ƙasa. Ƙwararre yana raba biyun da ido, ya hana mai mota sayen abin da bai buƙata. Sannan ya shafa taya da tafin hannu. In ya ji ta cinye tsalle-tsalle, nan tudu nan kwari kamar an ɗebe da ludayi, ya san tayar ta daɗe tana dukan titi tana tashi. Sai ya duba robobin sama da na ƙasa. Sau tari ƙarar ƙwas-ƙwas da ta hana direba sakat, roba ce ta fashe, kuma kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da na shokozoba.

Tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa, birki kuwa ba ya kama iska. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bida zuwa Lambata ko ta Birnin Gwari ya ga yadda mota mai lodi ke layi a gargada, ya san wannan ƙarfen ba na jin daɗin zama kawai ba ne. Da shi ake tsayawa, da shi ake shan kwana.

Kasuwa kuma makaranta ce ta daban. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, za a shimfiɗa maka kala uku: sabo na asali, na Baljiyam da aka ciro daga wata motar, da wanda aka wanke aka fesa wa fenti aka saka a kwali mai kyau. Sunaye irin su KYB na Japan, Monroe na Amurka, Sachs da Bilstein na Jamus, duk akwai na gaske, akwai kuma jabu masu ɗauke da sunan. Bakanike yakan tafi da tsohon a hannu. Zai tsayar da sabon a tsaye, ya danna, ya ja. Yana son ya ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu inda hannu zai zarce kamar an taka rami, kuma jan ya fi dannawa wuya, don haka aka ƙera yawancinsu. Zai duba sandar ko akwai ƙarzuwa ko tsatsa, zai duba walda, zai gwada tsawonsa a miƙe da a tsuke da na tsohon. Tsawon nan ba wasa ba ne. A motar da ke da jakar iska, shokozoba ne ke hana aksil sauka fiye da kima. In ya yi tsawo jakar na iya yagewa, in ya yi gajarta zai tsinke ƙugiyarsa.

Masu mota sukan ce, "Oga, na gas za a sa mini, ba na mai ba." Sai ya yi bayani cewa na gas ma mai ne a ciki. An dai ƙara masa iskar naitirojin mai matsi don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi, domin mai mai kumfa ba ya riƙe fistin. Wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, shi ya fito da dabarar a shekarun 1950, kamfanin Bilstein ya ɗauka, Mercedes-Benz ta fara saka irinsa a motocinta a 1957. Bakaniken namu ba lallai ya kira sunan mutumin ba, amma ya san wace mota ce na gas zai yi wa kyau, wacce kuma zai sa ta yi tauri in babu kaya a bayanta.

Akwai masu huda tsohon shokozoba su ɗura masa mai su toshe. Yakan ɗan yi kwanaki. Amma in robar da ke rufe bakinsa ta lalace, ko ƙofofin fistin sun saki, man zai sake fita ta inda ya fita. Bakanike mai tsoron Allah zai gaya maka cewa wannan na kai mota gida ne kawai.

Kuma ba ya canza ɗaya. Hagu da dama tare ake canza su, don in ɗaya sabo ɗaya gajiyayye, motar za ta riƙa karkata gefe duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami. Mai mota zai yi ƙorafin kuɗi, shi kuma ba zai janye ba.

Ranar ɗaurawa ana fara sa weji a tayoyi, a tokare shasi da abin da ba zai goce ba, don babu mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Notin da tsatsa ta ci, sai a jiƙa shi a bar shi ya sha, a lallaɓa shi gaba da baya har ya saki. Sabon shokozoba mai bututu biyu, kafin a ɗaura, sai an tsayar da shi an danna an ja sau da yawa, saboda ya daɗe a kwance a shago, iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna. In yaro ya kai filaya zai kama sandar fistin, za ka ji tsawa: "Kai, sake ta!" Ƙarzuwa ɗaya a wannan sandar ta isa ta yanke robar baki, sabon abu ya fara yoyo cikin 'yan makonni, a zo ana zagin mai shago alhali a gareji aka kashe shi.

Abin da na fi so shi ne na ƙarshe. Bakaniken yakan saka notuna ya bar su sako-sako, ya ce a sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, sannan ya kwanta a ƙasa ya ɗaure. In aka ɗaure tun tana rataye, da ta sauka robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta tsage. Ɗaurin ma da awo yake yi, kada roba ta matse ta fito gefe kamar kwaɓaɓɓiyar fulawa. Sai ya miƙa wa mai mota rasit ya ce ya adana, ya rubuta kilomitar da ke allo a bayansa, don sabon kayan ma wani lokaci yana da nasa garantin.

Daga nan ya hau gefen direba, su bi hanyar da ta fi kowacce gargada a unguwar. Ba ya magana, kunne kawai yake kasawa. Da sun dawo, tun injin bai huce ba, sai ya durƙusa ya sake zura hannu bayan taya, hagu da dama. Ya ji ɗumi iri ɗaya a duka biyun, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Direba, je ka yi lodi. Allah ya tsare hanya."