2.4 Sharhi a Kan Ma'aunin Buss da Perry a Ƙasar Batsari da Safana

Daga cikin ma'aunan da masana halayyar ɗan'adam suka fi dogaro da su wajen auna zafin rai, akwai takardar tambayoyi ta Buss da Perry (1992). Takardar tana ɗauke da jimloli 29 waɗanda aka kasa gida huɗu, wato faɗa da hannu, faɗa da baki, fushi, da kuma mugun zato. Mai amsawa ne da kansa yake zaɓar lamba daga 1 zuwa 5 don nuna yadda kowace jimla ta dace da halinsa. An fara gwada ta ne a kan ɗaliban jami'a a Amurka, mutanen da suke kwana ba da fargabar hari ba.

Wannan shi ne babban rauninta idan aka kawo ta Batsari da Safana, waɗanda suke maƙwabtaka da dajin Rugu. Alal misali, akwai jimlar da take tambayar ko mutum yana zargin baƙon da ya cika fara'a. Manomin da ya ga abin da 'yan bindiga suka yi a Tsauwa da Dankar cikin Fabrairun 2020, kuma ya san ta hanyar 'yan leƙen asiri ake shiga ƙauye, dole ya zaɓi 5. Ma'aunin zai lissafa shi cikin masu mugun zato, alhali kuwa taka-tsantsan ne da zaman wurin ya koya masa. Ke nan an auna halin da yake ciki, an laƙaba masa shi a matsayin halinsa.

Haka nan kuma akwai batun kunya. Kirk-Greene (1974) ya sanya haƙuri da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Da wuya dattijo ya amsa wa ɗalibi sa'an jikansa cewa yakan ɗaga hannu idan an tsokane shi, balle a ce karanta masa takardar ake yi a zaure, jama'a suna saurare.

Ma'aunin sarrafa zuciya na Gross da John (2003), mai jimloli 10, shi ma bai tsira ba. Binciken nasu ya danganta danne ɓacin rai da ƙarancin walwala. A nan kuwa, matar da aka yi wa rashi ta haɗiye kukanta a gaban masu ta'aziyya, yabonta ake yi, kuma babu jimla ko ɗaya a takardar da za ta bambanta wadda tawakkali ya sa ta yi shiru da wadda tsoro ya rufe wa baki.