Hawan Bango da Yatsu

Matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba ta daɗewa a kan gado. Bayan 'yan kwanaki sai sallama, ta bi hanyar Wudil ta koma Gaya ko Ajingi, inda mai gashin ƙashi ke wuyar samu. Shi ya sa gwanar nas ba ta tsayawa kan marar lafiya kaɗai. Takan kira mai jinya, 'ya ce ko ƙanwa, ta ce: "Matso ki gani, ke za ki riƙe mini aikin nan a gida."

A lokacin tiyata, sau da yawa akan haɗa da kaluluwar hammata a cire. Tabon yana warkewa yana ɗamewa, idan aka naɗe hannun a ƙirji don tsoron ciwo, sai kafaɗa ta sandare. Matar da a da take daka, sai ga shi ɗaura ɗankwali ya gagare ta.

Gwanintar tana wajen sanin lokaci. Muddin robar tsotse ruwa da aka saka lokacin tiyata tana jiki, motsin ɗan kaɗan ne: dunƙule hannu a buɗe, lanƙwasa gwiwar hannu, ɗaga kafaɗa a sauke, ba a wuce saitin kafaɗa. Sai an zare robar, likita ya amince, sannan a fara hawan bango. Baiwar Allah ta fuskanci bango, ta ɗora tafukanta biyu, yatsu su dinga rarrafawa sama har ta ji fata ta ja, ta dakata ta numfasa, ta sauko a hankali. 'Yarta na gefe da gawayi, tana shata inda yatsun suka kai yau. Zanen nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin ranar da zuciya ta karaya, shi ke nuna wa uwa cewa na wancan makon yana can ƙasa.

Wani bincike da aka yi a Ingila kan mata 392 da aka yi wa tiyatar mama, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa waɗanda aka fara wa atisaye da wuri sun fi sarrafa hannunsu bayan shekara guda, kuma kumburin hannu bai ƙaru ba.

Aiki mafi wuya shi ne lallashin dangi, domin tausayinmu kan yi yawa. "Inna, ki bari, za mu yi miki," har a hana ta taje kanta. Nas takan raba musu aiki: jan guga, daka da ɗaukar tulu nasu ne na makonni, amma taje kai, cin abinci da ɗaga hannu wajen kabbara a bar mata. Takan kuma gargaɗe su kan gashi da ruwan zafi, saboda fatar wurin na iya rasa ji ta ƙone ba a sani ba. Idan hannun ya kumbura, ko ya yi ja da zafi, kada a jira ranar komawa asibiti, a nemi mota a tafi.