Gidan Gwamna da Gidan Haya: Gidan Wa Ake Adanawa?

Gidajen tarihi iri biyu ne. Akwai wanda aka gina musamman don tara kayan da, akwai kuma gidan da wani ya taɓa kwana ya tashi a ciki, daga baya aka buɗe shi ga masu ziyara. A iri na biyu, ginin ne babban abin kallo: faɗin zaure, inda ƙofa ta fuskanta, nisan madafa daga ɗakin maigida. Duk waɗannan suna faɗin yadda aka yi zama da mulki a gidan.

Bahaushe ba baƙon wannan al'ada ba ne. A Kano akwai Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, da Gidan Ɗan Hausa na Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a 1909, da Mambayya, gidan Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Gidan Arewa, inda aka kashe Sardauna a Janairun 1966, aka mai da shi cibiyar bincike a 1970.

Mazaunin unguwar Adjamé ko Treichville a Abijan da ke son ganin irin wannan gida a Kwaddibuwa, sai ya nufi tashar Bassam da ke Treichville ya hau mota zuwa Grand-Bassam. Tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka. Grand-Bassam ita ce hedikwatar farko ta mulkin Faransa a ƙasar daga 1893, har annobar shawara ta 1899 ta kori Turawa zuwa Bingerville. A 2012 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar gwamna da aka gina a 1893 tana nan, kuma tun 1981 ita ce gidan adana tufafin gargajiya na ƙasar.

Mai ido zai karanci ginin kafin ya dubi tufafin. Bene ne mai baranda kewaye da ɗakuna, don kada rana ta bugi bango, iskar teku kuma ta ratsa. Gini ne na mutumin da ke tsoron zazzaɓi, wanda kuma yake son ya hango jama'a daga sama. Tsarin garin ma haka yake: unguwar Faransawa da ofisoshinta daban, ƙauyen 'yan Nzima daban. Gwamnan farko, Binger, ya riga ya ratsa Kong da Bonduku a 1888, ya kuma rubuta labarin Hausawa marina da fataken goro da ya tarar. Ke nan kakanninmu sun riga fadar zuwa ƙasar.

Akwai abin lura a yadda aka juya ma'anar gidan. A Fabrairun 1949 aka kama shugabannin jam'iyyar PDCI bayan wata tarzoma a Treichville, aka tsare su a kurkukun Bassam. A watan Disamba mata suka taka daga Abijan har can suna neman a sake su. Cikin fursunonin akwai marubuci Bernard Dadié, kuma shi ne ministan al'adu lokacin da aka buɗe gidan tufafin. Cika ɗakunan gwamna da saƙar Bawule da rigunan sarakunan ƙasa wata hanya ce ta karɓe gidan. Sai dai tana da tsada: kayan nunin sun ja ido, har baƙo kan fita bai tambayi inda kuku da boyi-boyi suke kwana ba, ko su wa suka yi dakon kayan ginin daga bakin teku.

Nan ne raunin al'adar, a Bassam da Kano baki ɗaya. Gidan da ake adanawa kusan kullum na gwamna ne, ko basarake, ko jagoran siyasa. Hujjar masu yin haka ba ta banza ba ce: gidan babba ya fi ƙarko, yana da takardu, kuma sunansa na jawo baƙi. Amma wanda ya san Abijan ya san ba a bene aka rayu ba. An rayu ne a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, wanda mutanen garin ke kira cour commune: ɗakuna a jere, famfo ɗaya, bayi ɗaya, Bahaushe maƙwabcin Bajule, Bajule maƙwabcin Bamoshe. A irin wannan gida maigida ke saukar da baƙon da ya iso daga Maraɗi ko Tawa, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kasuwa har ya kama ƙasa. A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim kan 'yan ci-ranin Nijar a Treichville, wanda Umaru Ganda ya fito a ciki. Hoton ya tsira, amma ɗakunan ba su da mai kare su, ga shi ƙasa na ƙara daraja kuma ana rushe tsofaffin gidaje don benaye da hanyoyi.

An gwada akasin haka a Amurka. A 1988 aka kafa gidan tarihi a wani tsohon gidan haya na titin Orchard a New York, inda dubban baƙin haure suka zauna tun 1863. Ana zagayawa da mutane ɗaki ɗaki, ana ba su labarin tela da matar aure.

Hausawan Abijan ba sa buƙatar jiran gwamnati kafin su fara. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya zaɓar tsohon gida ɗaya, su sasanta da magada, su ɗauki muryar tsofaffin da suka zauna a ciki, su tattara rasiɗan haya da hotuna da littafin bashin maigida. Aikin gaggawa shi ne na muryoyin, domin gini na iya jiran kuɗin gyara, amma dattijon da ya sauka a Treichville kafin 1960 yau ya haura tamanin.